Maganin Malam a Kwano Uku

Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin an rage ni da komai ba. Abin da wasu ke zubawa a takarda, ni a kaina nake ajiye shi. Kaf unguwarmu idan aka rasa wa ya haifi wa, ko a wace damina ce katangar masallaci ta zube, ƙofar ɗakina ake zuwa. Daga Sandamu aka kawo ni cikin birnin Daura ina ƙaramar yarinya, amma har yau zan iya jero matan da suka rako ni, da irin zanen da kowacce ta ɗaura. Na fara da wannan ne don a san cewa abin da ya sami Malam ba mantuwa ce ta jawo shi ba. Da ni mai mantuwa ce, da ya fi samun sauƙi.

Malam shi ne maigidana. Baduku ne, haka mahaifinsa, haka kakansa. A zauren gidanmu yake aiki, takalma da jakunkuna da matasan kai na fata. Tun da aka kawo ni, da ƙarar gudumarsa nake sanin lokaci. Idan na ji ya fara buga fata a kan kututture, hantsi ya yi. Idan ya tsaya, azahar ta kusa.

Ciwon ya shigo a hankali. Ƙishirwa ce ta fara, sai ya shanye buta guda ya nemi ƙari. Sai yawan kewayawa, sai ciwon ƙeya, sai rama, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ni na matsa masa muka je asibitin garinmu. Likita ya yi awo ya ce ciwo biyu ne, hawan jini da suga, kuma ba irin waɗanda ake warkewa ba ne, zama ake yi da su. Aka ba mu kati, aka ba mu ƙwaya iri biyu: wata 'yar ƙarama fara ta jini, da wata doguwa mai tsaga a tsakiya ta suga. Aka ce duk wata mu dawo ranar Talata, ranar tsofaffi masu irin wannan lalura.

Na samo kwanon sha mai murfi na zuba su. Idan Malam ya dawo daga sallar asuba ya gama lazimi, sai in miƙa masa da ruwa, sannan karin kumallo. Ko rana ɗaya ban tsallake ba. Har yana mini tsiya.

"Ke da sojan gwamnati aka ɗauke ki, da yanzu kin zama saje."

"Haɗiye dai, Malam. Buɗe bakin in gani."

"Har da bincike?"

"Har da shi."

Ya fara maida jiki. Da a nan muka tsaya, da babu labarin da zan ba da.

Muna da 'ya mace da ke aure a Katsina. Ta zo suna a dangin mijinta, ta biyo ta gida, ta ga uban ya rame, sai ta sa kuka. Ta ce lallai sai ta tafi da shi ya ga likitansu na can. Ina shirin in ce mata ai mun riga mun je, sai Malam ya yi mini ido. Da ta fita tsakar gida ya rage murya.

"Kada ki ce mata komai. Yarinya ta zo da niyyarta, ki ce mata an riga ta? A bar ta ta sami ladanta."

Na ga gaskiyarsa. Don kada ta gani a kayansa, ban sa masa kwanon maganin a jaka ba. Ya yi kwana bakwai a Katsina babu ko ƙwaya ɗaya, ga shi tana ta ɗura masa shinkafa da shayi. Ashe shi ya sa da likitan can ya auna shi ya tarar da komai a sama.

Da ya dawo yana ba ni labari yana dariya. Wai likitan ya tambaye shi ko ya taɓa ganin wani likita a kan wannan ciwo, ko yana shan wani magani.

"Me ka ce?"

"Na ce a'a mana."

"Malam, ƙarya da furfura?"

"Ba ƙarya ba ce, sanin ya kamata ne. Ni idan mutum ya kawo mini takalmin da wani baduku ya fara ɗinkawa, ina taɓawa? Cewa nake ya mayar wa mai shi ya ƙarasa. Haka mahaifina ya koya mini. To in na gaya wa likitan nan wani ya riga ya sa hannu a jikina, ai cewa zai yi in koma can. Yarinya ta yi wahalar banza ke nan."

Wannan doka ta dukawa na san ta, na ga ya kori mutane da dama a kanta. Ban ga dalilin da zai sa likitoci su rasa irinta ba. Duk mai sana'a yana da kishin aikinsa.

Ya dawo da sabon kati da ƙwaya iri biyu: wata ja-ja mai zagaye, da wata rawaya. 'Yar ta yi mini bayani ta waya, ɗaya-ɗaya kowace safiya, na riƙe. Na samo kwano na biyu. A tunanina, likitan Katsina ya hango abin da na Daura bai hango ba, tunda kalar maganin daban, girman ma daban. Ciwon da aka tare ta hanya biyu ai ya fi saurin gajiya. Katin Daura na ajiye a ƙasan adaka, na Katsina a cikin kwallar da ke saman jere, don kada wata rana in ɗauki wani a madadin wani asiri ya tonu.

Sai na Kano ya ji.

Na Kano shi ne ɗana na fari. Yaran yanzu ba su san wannan ba, sai an yi musu bayani. A yadda aka tashe mu, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zama ta yi hira da shi. Ranar da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ya faɗi ya fasa goshi a gabana yana yaro, na kau da kai na ci gaba da tankaɗe, sai da wata ta zo ta ɗaga shi. An yaba mini a kan wannan shekara da shekaru. Har misali ake yi da ni wa amare. Yau yana da shekara hamsin da ɗoriya, yana da shago a Kano da 'ya'ya har da jika, kuma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Idan ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, in amsa ina kallon bango.

Ya zo da mota ya ce zai kai uban babban asibiti. Wa zai gaya masa ƙanwarsa ta riga shi? Babba ne, da ya ji haka sai ya ga an raina shi. Malam ba zai faɗa ba. Ni kuwa ko da ina so, ta wace ƙofa zan shiga? Suka tafi, na sake riƙe kwanonin a gida. Kwana goma suka yi.

Ranar da ya dawo da shi, ya tsaya a tsakar gida da leda a hannu. Ina cikin ɗaki, labule a sake. Ya ajiye ledar a kan turmi, ya juya yana fuskantar bishiyar darbejiya kamar da ita yake magana.

"A gaya wa mutanen gida, mai ruwan ƙasa ɗaya da safe. Babbar farar ita ma ɗaya da safe, kafin abinci. Kada a tsallake."

Na ce daga ciki, "An ji."

Iyakar abin da ya shiga tsakanina da shi ke nan a kan ciwon ubansa. Na samo kwano na uku. Katin Kano na cusa a cikin rigar matashina.

Daga ranar, kowace safiya ƙwaya shida. Nakan jera su a tafin hannuna bisa tsari, Daura, Katsina, Kano, in miƙa. Ina jin daɗin kaina sosai. Wace mai boko ce za ta riƙe magani shida daga gari uku ba ta taɓa rikitawa ba? Kuma da yake duk likitocin uku sun ce a rage masa abinci, sai na rage sau uku. Tuwon da yake cin malmala biyu ya koma rabi. Fura na hana. Rake da dabino ko a mafarki.

Tun da maganin Katsina ya shigo Malam ya fara cewa yana jin jiri in ya miƙe. Da maganin Kano ya haɗu, abin ya canza kama. Ranar farko da na tsorata, la'asar ce, yana salla a tsakar gida. Ya ɗago daga ruku'u sai na ga ya yi baya-baya, ya dafa bango, ya daɗe a haka kafin ya tafi sujada. Daga nan ya koma salla a zaune. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa zaunar da shi ba.

Sai gudumar ta fara tsallake. Da can bugunta a jere yake, kamar daka. Yanzu sai ya buga uku ya yi shiru, ya buga biyu ya yi shiru. Ina wanke-wanke ina ƙirga shirun.

Wata safiya an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi har na sa rigar sanyi, na leƙa zaure na tarar da shi sharkaf da gumi, riga ta manne masa a baya. Basilla, wato babbar allurar da suke huda fata da ita, ta shige masa a yatsa, jini na ɗiga a kan jar fata, shi kuwa yana kallo kamar yatsan wani ne.

"Malam, ka soke hannu."

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Inna, ba a sauke tuwon ba?"

Inna mahaifiyarsa ce. Ta fi shekara talatin a ƙasa.

Na kawo masa ɗan ɗumamen da ya rage. Yana gama ci ya dawo daidai, har yana musun cewa ya faɗi haka. Kullum haka abin yake, da hantsi yake zuwa, in ya ci abincin rana ya tafi. Ni kuwa na ɗauka ciwon ne ke ƙara ƙarfi, don haka na ƙara tsanani. Maƙwabta masu shigowa dubiya kowa da tasa. Wata ta ce iska ce, tunda lokaci ɗaya take zuwa. Wani ya ce a bincika, abokan sana'a ba su da tabbas. Babu wanda ya kalli kwanoni uku da ke jere a kan taga, a rufe, a goge tsaf.

Talatar wata ta zo muka je asibiti da katin Daura. A benci tsofaffi na ta zolayar juna, wani na ce wa wani sugansa ya isa a dama kunun unguwa. Malam da shi ne kan gaba a irin wannan, ranar ko murmushi bai yi ba.

Akwai wata nas da ke yin awo kafin a shiga wurin likita, doguwa, mai tabarau, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ita ke riƙe da tsofaffin Talata, ta san kowa da ciwonsa. Ta ɗaura wa Malam abin awo a hannu, ta duba, ta kwance ta sake ɗaurawa. Ta huda yatsansa ta duba na suga. Sai ta cire tabarau.

"Baba, ka karya kuwa?"

"Na karya, 'yata."

"Duka biyun sun yi ƙasa da yawa. Ban da maganin da muke ba ka, akwai wani abu da kake sha?"

"Babu."

Ta juyo gare ni. "Inna, ke ke ba shi?"

"Ni ce. Kuma tun da aka fara ban tsallake rana ɗaya ba."

"Ban ce kin tsallake ba. So nake gobe ki kwaso mini duk abin da yake haɗiya a gidan nan. Ƙwaya, jiƙo, gari, ko na wa ne, ko daga ina ya zo."

Maganar ta sosa ni. Ni da ake zuwa tambaya, yau ni ake cewa in kawo kayana a bincika, a gaban mutane, kamar wadda aka kama da awon ƙarya a kasuwa.

Na ce, "'Yar nan, tun ba a haife ki ba nake jinyar mutane."

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Na sani, Inna. Shi ya sa ke na roƙa, ban roƙi Baba ba."

Likita ya ce a dakatar da doguwar mai tsaga, a raba 'yar ƙaramar biyu, mu dawo bayan mako. Na bi umarninsa daidai, a kwanon Daura. Sauran kwano biyun ba shi ya ba da su ba, don haka ban ga hurumin maganarsa a kansu ba. Laraba ta zo ta wuce ban koma ba. Na ɗauki mayafi sau biyu ina ajiyewa. Ina tunanin yadda za ta jera katin Katsina da na Kano a tebur, likita ya ce tunda kun san wasu ku koma can, sannan magana ta kai kunnen yaran.

Ranar Alhamis da hantsi ina tsince wake. Guduma ta buga huɗu. Na jira ta biyar. Na tsince tafi guda, na tsince na biyu. Kaji na ta kai-kawo, wani mai gwanjo ya wuce yana kira a waje. Ta biyar ba ta zo ba.

Na tarar da shi ya kife a kan fatar da yake aiki, kumatunsa a kan kututture, ido a buɗe rabi, miyau na zuba. Jikinsa sanyi ƙalau kuma jiƙe. Na kira shi, na girgiza shi, sai wani gurnani. Telan da ke maƙwabtaka da mu shi ya taimaka aka sa shi a adaidaita. Duk hanya kansa na kan cinyata, ina jin numfashin yana tafiya yana dawowa.

Allah ya sa nas ɗin nan tana bakin aiki. Ta huda yatsa ta duba, sai ta ruga. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka yi masa allura a jijiya. Ba a daɗe ba ya buɗe ido ya ce wa ya cire masa hula.

Ta ja ni waje, bakin baranda.

"Inna, sugan jikinsa ne ya ƙare, saura kaɗan ya tafi. Mun dakatar da namu tun shekaranjiya. To me ya ci gaba da saukar da shi? In ba ki gaya mini ba, za mu sallame shi ya koma ya sha abin da ya kawo shi. Wataƙila karo na gaba ba za ki same shi da numfashi ba."

Na gyara mayafi na kama hanyar gida a ƙasa. Na buɗe adaka, na sauke kwalla, na zare rigar matashi. Na jera kwanoni uku a faifai, katuna uku a gefe, na rufe da ɗankwali na ɗora a ka. Haka na ratsa gari da azahar, mutane na gaishe ni suna zaton abincin mara lafiya na ɗauko.

Ta zazzage su a tebur. Ba ta kalli kala ba, ba ta kalli girma ba, abin da ni na dogara da shi ke nan. Bayan takardar ƙwayar take juyawa tana karanta wani ƙaramin rubutu kamar sawun tururuwa. Sai ta ɗauki doguwar mai tsaga ta Daura, ta ɗauki rawayar Katsina, ta ɗauki babbar farar Kano, ta haɗa su wuri ɗaya.

"Waɗannan ukun duk na suga ne, aikinsu ɗaya. Biyu daga ciki ma magani ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta." Ta tattara sauran ukun. "Waɗannan kuma duk na jini ne. Abin da ya kamata ya sha a kwana uku, shi yake sha kowace safiya."

Na ce, "Kalarsu ba ɗaya ba."

"Riga ce, Inna. Kowane kamfani da irin rigar da yake sa wa nasa."

Na tsaya ina kallon tulin nan biyu. Na tuna hannuna a miƙe kowace asuba, da yadda nake cewa ya buɗe baki in gani.

Ta tambayi dalilin ɓoye katunan, na gaya mata dokar dukawa. Na zaci za ta yi dariya. Sai ta ce, "Mu namu aikin akasin haka ne. Wanda bai ga ɗinkin na farko ba, a kan ɗinkin zai sake huda." Ta ɗauko wata 'yar na'ura ta manne katunan uku wuri ɗaya. Ta ce daga yau hannu ɗaya ne zai riƙe maganin Baba, wato nan, tunda nan ne kusa. In za a kai shi Kano ko Katsina ba a hana ba, amma da wannan katin za a je, a dawo da shi an rubuta abin da aka yi. Ko maganin ciwon kai wani ya kawo, ita za ta fara gani.

"Saura abu ɗaya, kuma ba ni zan yi shi ba. Yaranku suna nan suna shirin aiko da na wata mai zuwa. Sai an gaya musu, kowa da kowa, baki da baki."

Likita ya ƙara da nasa da yamma. Ya ce awon jini ya nuna ƙodar Malam ta taɓu. Na tambaye shi ciwon ne ya taɓa ta ko maganin. Ya ce ba zai iya rabewa ba, suga da hawan jini suna yin haka da kansu, jinin da ya daɗe a ƙasa shi ma yana yi. Ya ce a riƙa duba ƙafafunsa, in sun fara kumbura a kawo shi ba jira.

Washegari Juma'a yaran suka iso. Ta Katsina ba ta ba ni wuya ba, na gaya mata a tsaye, ta yi kukanta, ta ce me ya sa, na ce haka Allah ya so. Na so in ce ta gaya wa wanta. Har na buɗe baki. Sai na tuna cewa saƙon da ake ba bishiya da labule shi ya kai mu nan. In ta faɗa masa, zai ji rabi, ya ɗauka ƙanwarsa ce ke son ture maganinsa ta bar nata, ya ci gaba da aikowa ta hannun uban.

Bayan an sauko daga masallaci ya biyo gida ɗaukar wa uban kaya. Ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba. Na ɗaga labule na ce, "Shigo."

Ya waiga bayansa ya ga ko da wani nake.

"Kai nake nufi. Shigo ka zauna."

Ya cire takalmi ya shigo, ya zauna a bakin tabarma kamar baƙo. Tun da aka yaye shi bai taɓa zama a ɗakin nan ba. Na ajiye katunan a gabansa. Na ɗaga kai na dube shi. Ashe yana da furfura a gemu. Ashe tabon goshin nan yana nan.

Na gaya masa komai daga farko, ban rage ba, har da cewa ƙanwarsa ta riga shi, ni kuma na riga su duka. Yana sauraro yana murza bakin hularsa.

Ya ce, "Likitan ya tambaya. Ina tsaye Baba ya ce babu. Da na sani..."

"Ta ina za ka sani? Ni ce na sani, kuma ban faɗa ba."

"Da na tambaya."

"Wa za ka tambaya, darbejiya?"

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, ya share ido da bayan hannu. Na ce kada ya ƙara sayen ko ƙwaya ɗaya sai nas ta gani, kuma duk Talatar wata ya kira ni, ni da kaina, in gaya masa abin da aka ce. Ya ce to. Da zai fita ya tsaya a ƙofa kamar yana neman abin da zai kira ni da shi, bai samu ba, ya sa takalmi ya tafi.

Maƙwabciyata ta ga shigarsa. Kafin magariba unguwa ta ji cewa na zauna da ɗan fari a ɗaki har da hira. Ba a ƙara yin misali da ni wa amare ba. Ban ce bai dame ni ba.

An sallamo Malam bayan kwana biyar. Yanzu kwano ɗaya ne, ƙwaya biyu, ɗayar ma an canza ta saboda ƙodar. Ya koma salla a tsaye, guduma ta dawo, ko da yake ba ta kai azahar. Kowace safiya bayan ya haɗiye, nakan ce ya miƙo ƙafa, in danna babban yatsana a idon sawunsa yadda aka nuna mini, in ɗaga in ga ko wurin zai taso. Yana ce mini saje ta samu ƙarin girma ta zama likita. Watan jiya yana tasowa nan da nan. Kwanan nan sai na ɗan jira.

Shekaranjiya wani tsohon abokinsa mai kawo masa fata daga garin Babban Mutum ya zo dubiya. Ina daga soro na biyu ina jin su. Ya ce ya ji labarin ƙodar, ga wasu ƙwayoyi da aka kawo masa daga tsallaken iyaka, wansa ya sha ya ji daɗi. Na leƙa ta jikin ƙyaure. Na ga Malam ya miƙa hannu biyu ya karɓa, yana ta godiya yana sa albarka.

Da baƙon ya tafi na ce, "Malam, ba ni abin da aka kawo."

"Me aka kawo?"

"Na gani da idona."

"Mutum ya taso tun daga can saboda ni. Sai in ce masa ya koma da abinsa?"

"Ban ce ka mayar ba. Ba ni in kai wa nas."

"Na ajiye."

Na ɗaga buzunsa, na zazzage jakar kayan aiki, na laluba aljihun duk rigunansa, na duba bayan tulin fatu. Zauren baduku wuri ne mai lungu dubu, kuma shi ya san su, ba ni ba. Jiya da dare na kira na Kano na gaya masa, ya ce zai taso da asuba. Talata saura kwana uku. Yau da safe na danna idon sawun, na ɗaga yatsa, ramin ya tsaya yana kallona. Yanzu hantsi ne, ina zaune kusa da ƙofar zaure da mayafina a kafaɗa, ina ƙirga bugun guduma.